Raƙumin Ɗinyawa

Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025

Baffa Abdulmutalib ya dawo da Gwaggo daga asibitin ido na Kano. Ni na ɗauko su daga tasha, ita a tsakiya shi a baya, babur ɗina sai nishi yake. Hawan jinin ido ne, in ji likita. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma raguwa zai yi ta yi, magani sai dai ya rage masa sauri. Baffa ya ce kafin Babbar Sallah zai zo ya tafi da ita Kano gaba ɗaya, ta zauna kusa da likita.

Gwaggo kakata ce, ita ta haifi Baba, Allah ya jiƙansa. Amma duk unguwa Gwaggo ake ce mata, har mu jikoki. Sunanta Hajo. Ban san me ya sa nake wannan bayanin ba, kamar wani zai karanta.

Da na sauke ta a ƙofar gida ta ce, “Kai maigidan banza, haka ake tuƙa amarya? Duk wani rami da ke Karaye sai da ka tsaya kuka gaisa.” Na ce amaryar da ba ta da haƙori ai ta gode Allah da aka ɗauko ta ma. Ta kai min duka ta samu iska. Mun yi dariya. Amma da can ba ta kuskure ni.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan la'asar ta sa aka kira ni ɗakinta. Wai ta ji ina kai baƙi dam ɗin Challawa ina ɗaukar su hoto da waya. Na ce haka ne, da ƙaramar Sallah ma ban huta ba, 'yan Kano da 'yan makaranta, kowa sai ya tsaya ruwa a bayansa yana murmushi.

Ta ce to ita ma aiki za ta ba ni. In ɗauko mata Ɗinyawa.

Ɗinyawa garinsu ne, can aka haife ta, can ta yi aure, can ta haifi su Baba. Yana ƙarƙashin ruwa tun da aka tare kogin, tun ba a haife ni ba. Ita kuwa tun ranar da aka kwaso su ba ta ƙara leƙa bakin ruwan nan ba, ko sau ɗaya. Na ce Gwaggo garin da kifi ke kwana a cikinsa ta yaya zan ɗauko shi?

Ta ce, “Wa ya ce maka garin? Raƙumin za ka ɗauko.”

Wai akwai wani dutse da ake gani daga garin, sak raƙumi a durƙushe, da tozonsa da wuyansa da kansa. Ruwa ba zai ci shi ba, in ji ta, ya fi ƙarfin ruwa. “In na ga raƙumin na ga gida. Ka yi sauri tun fitilar nan ba ta mutu ba.” Ta nuna idonta na dama.

Na ce mata wannan ai aikin yini ɗaya ne. Ni da na san dam kamar aljihuna.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na je da safe. Na bi duk wuraren da nake tsayar da baƙi. Kan gini inda ake ganin faɗin ruwa, da gangaren da ake hango mashigar ruwan, da gindin bishiyar nan da 'yan mata ke son jingina. In rana ta ɗan ɗaga tana bayanka, ruwan shuɗi yake fita. Na ɗauka da yawa, sun yi kyau ƙwarai.

Gwaggo ta riƙe wayar dab da hancinta, ta karkata kai kamar kaza tana kallon shaho. Ta daɗe. Sai ta miƙo min.

“Wannan ai ruwa ne. Ruwa ko a randa ina da shi.”

Laraba, 9 ga Afrilu

Babu raƙumi. Na zaga gaɓar nan ta wajenmu har ƙaya ta huda min taya.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na kira Baffa bayan an sauko daga masallaci. Yana yaro aka tashe su, ya ce shi dai ya tuna dutsen yana yamma da gari, yanzu sai dai ta ɓangaren Rogo. Sai ya ce kada in biye wa tsohuwa in kashe kasuwata, rigima ce irin ta tsufa, gobe ta manta. Na ce to.

Ba za ta manta ba. Yau da na shiga gaishe ta, tun ban gama sallama ba ta ce, “Ango, ina raƙumina?”

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yau na sha hanya. Na bi ta wajen garin Fulatan, na saki titi na shiga burtali, ina tambaya ina tafiya. Wani mai rake ya ce bai san wani raƙumi ba sai na Buzaye. Wasu mata masu itace suka yi ta dariya, wai ɗan acaba yana cigiyar raƙumi.

Can na tarar da wani tulin duwatsu a bakin ruwa, dogo, baƙi, ba shi da wata siffa, kamar an juye buhunan gawayi. Na ce bari in hau, in dai akwai raƙumi a ƙasar nan daga sama zan hango shi. Na jingine babur a gindin wata kanya, na cire takalmi don dutsen da santsi, na yi ta rarrafe. Zafi kamar tanda.

Amma da na kai sama!

Wallahi duk shekarun nan wasa nake. Dam ɗin gaba ɗaya a gabana, tun daga ginin can nesa kamar zare, har inda ruwan ya tsuke ya koma kogi. Jiragen masunta kamar ɓawon gyaɗa. Ruwa ya ja baya saboda rani, gaɓa ta fito fara, masu lambu sun bi ta da albasa da tumatir, kore shar. Ga wasu kututturan itatuwa sun leƙo daga tsakiyar ruwa, balbelu a kansu. Na zauna na manta abin da ya kawo ni.

Na duba gabas da yamma, kudu da arewa. Duwatsu ƙanana dai akwai. Raƙumi babu.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na sa hoton jiya a waya mutane suka gani. Har wani malamin makaranta ya kira ni wai in kai shi wurin da abokansa. Gwaggo kuwa ta ce, “An yi kyau. Na wane gari ne?”

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na koma kan dutsen da sassafe, ko da hasken safiya zai tona abin da rana ta ɓoye. Na kuma koma shekaranjiya da yamma. Yanzu na san inda ake taka ƙafa, na san wani lungu mai inuwa a can ƙoli inda mutum zai zauna ya jingina. Da safe rana tana fuskarka, ruwan fari fat, ba ka ganin komai. Da yamma tana bayanka, komai tar.

Na fara tunanin ko ruwa ya cinye raƙumin ne. Ko an fasa shi lokacin gini. Ko kuma dama can idon yarinta ne, abin da yaro ke gani a gajimare. Ban faɗa mata ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ina zaune a ɗakinta na ga tana laluben kofin ruwa. Yana nan gefen tabarma, ta hannun hagu. Hannunta ya wuce shi, ya dawo, ya ƙara wucewa. Na tura shi da yatsan ƙafa a hankali ya taɓa hannunta. Ta sha, ta ajiye, ta ce, “Na ji ka, munafuki.”

Sai ta ce in bar wahalar nan haka, fetur ya yi tsada, ta yafe.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 22 ga Afrilu

Yau kam an yi min dariyar da ba a taɓa yi min ba.

Na kai wata mai sarin kifi mashayar da masunta ke fitowa. Ina jiranta na ga wani dattijo baƙi siriri yana gyaran koma, ana ce masa Ilu. Na gaishe shi, na yi tambayata da na saba, na shirya jin “ban sani ba.” Ya ɗago ya kalle ni tun daga hula har silifas.

“Kai ɗan gidan wa ne da kake kiran raƙumi?”

Na ce jikan Hajo ce ta aiko ni, mutuniyar Ɗinyawa. Ya saki komar. Wai Hajo mai ƙosai? Tana raye? Ashe shi ma ɗan garin ne, da ƙuruciyarsa ya sha satar mata ƙosai a bakin kasko tana bin sa da matsami. Ya ce har yau in ya ji ƙamshin ƙosai bayansa na tuna masa.

Na nuna masa hotunan. Ya yi ta wucewa da babban yatsa mai ɓawon kifi, ni kuma raina na kan gilashin wayata. Ya tsaya a kan na saman dutse.

“Wannan a ina ka tsaya?”

Na kwatanta masa. Kanyar, santsin, lungun inuwa a ƙoli.

Ya fara dariya. Ya dafa jirgi. Ya kira sauran masunta, “Ku zo ku ga wanda ya hau raƙumi yana cigiyarsa!” Wai wannan lungun da nake zama in jingina, tsakanin tozo da wuya ne. Inda ake ɗaura sirdi. Duk kwanakin nan a kansa nake zaune ina leƙe-leƙe.

Na ce ai ba ya kama da komai. Ya ce daga tudu ba ya kama da komai, ko su da can in sun zaga ta bayansa tulin duwatsu ne. Daga cikin gari kawai yake zama raƙumi.

Na ce garin ai yana cikin ruwa.

Ya buga gefen jirginsa. “To wannan na mene ne?”

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban iya ruwa ba. Ko kududdufin bayan gari ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba. Shekara da shekaru ina kai mutane dam, ban taɓa taka jirgi ba, in baƙi sun ce in shigo sai in ce ina gadin babur.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na ba Gwaggo labarin hawan raƙumi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya. Ta ce dama ta san wanda ta aura ba shi da wayo, amma ba ta san abin ya kai haka ba. Da na ambaci Ilu ta ce, “Ɗan Lami mai kan ƙwarya? Ɓarawon nan ya girma?” Na ce har da furfura. Ta ce ita a wajenta har yau ɗan yaro ne mai gajeren wando.

Ban gaya mata zancen jirgi ba. In na faɗa hanawa za ta yi. Ko kuma ba za ta hana ba, wannan ne ma abin tsoron.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na je mashaya. Na tarar da Ilu, muka gaisa, na sayi karfasa, na dawo. Na kasa ce masa mu shiga jirgi. Kallon da ya yi min ya isa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Baffa ya kira. An ba su rana a asibiti tsakiyar wata, don haka ba zai jira Sallah ba, ranar Lahadi ta sama zai zo da mota. Inna, mahaifiyata, ta fara haɗa wa Gwaggo kaya. Jiya kuma hadari ya taso ta gabas ya watse. Masunta sun ce in iskar farkon damina ta fara, ba kullum ake shiga tsakiya ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na shiga.

Har yanzu in na rufe ido tabarma lilo take da ni. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Ilu ya ce sai da yamma yake da sarari. Ya zaunar da ni a tsakiyar jirgi a kan wani katako, ya ɗaura min jarka babu komai a ƙugu da igiya, wai in an kife ita za ta riƙe ni. Masunta suna ta “Allah ya kiyaye hanya, mai raƙumi.” Jirgin ya rabu da ƙasa. Na damƙe gefe biyu. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa.

Ilu sai tuƙi yake yana hira kamar muna kan titi. Kuma abin da ya ba ni mamaki, su a wajensu ruwan nan unguwa-unguwa ne. Ni ruwa kawai nake gani, shi kuwa sai ya ce, “Yanzu mun shigo ta hanyar rafi.” Can ya ce, “Nan kasuwa ce, tarwaɗa na son wurin.” Ya nuna wani baƙin kututture da ya leƙo, ya ce tsamiyar ƙofar masallaci ce, ta yaga masa koma ba adadi amma ba ya jin haushinta. Haka suke kwatance a tsakaninsu, wane ya kafa koma a marina, wane yana bayan gidan mai gari. Har yaran da aka haifa bayan ruwa haka suke faɗa.

Wani wuri ya ɗaga filafili ya daina tuƙi. Ya cire hula ya mayar. Ya yi sallama a hankali, irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Ya ce nan maƙabarta ce, ba mai jefa koma a nan, ko kifi na tsalle cikin jirgi. Iyayensa na ƙasa. Mahaifiyar Gwaggo ma, da ɗan Gwaggo na fari wanda bai yi rai ba. Ban taɓa jin Baba yana da wa ba.

Ni ma na yi sallamar.

Sai ya juya hancin jirgin ya ce, “To ɗago kanka, matsoraci.”

Na ɗago. Ga shi nan.

A durƙushe, ƙafafu a naɗe, tozo, dogon wuya, kai a ɗage kamar yana jiran a ce masa tashi. Ba sai an nuna maka ba. Wannan tulin gawayin da na yi ta hawa.

Matsalar ita ce hoto sai da hannu, ni kuma hannuwana sun ƙi sakin jirgi. Ilu ya ce in ban saki ba zai girgiza. Na saki ɗaya. Na zaro wayar daga leda, rana kuma ta koma bayan dutsen tana dukan idona. Na danna dai na danna. Da muka fito na duba, duk sun lalace. Dutsen baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi, sama ja, ruwa na walƙiya. Ba a ganin komai na jikinsa.

Ilu ya ce in dawo da safe, rana za ta kasance a bayana. Wato in ƙara shiga.

Talata, 6 ga Mayu

Iska jiya, iska shekaranjiya. Yau da asuba ruwa ya kwanta, muka shiga. Wannan karon hannu biyu na saki, amma jarkar tana ƙuguna, kada in yi ƙarya. Haske ya yi daidai. Kowane tsagi na dutsen ya fito, da ciyawar da ke wuyansa, da inuwarsa a ruwa. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba.

Na kai wa Mu'az mai shagon hoto a bakin kasuwa ya wanke min babba, don gilashin waya ya yi wa idonta ƙanƙanta. Yana dubawa ya ga baƙaƙen na ranar Asabar ya ce in goge su, suna cin wuri. Na ce ya wanke min ɗaya a ciki shi ma, na tuna ranar da na fara shiga ruwa. Ya ce asarar takarda ce, amma ya yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Da hantsi na fito da ita tsakar gida, inda haske yake. Na shimfiɗa tabarma. Inna ta bar wanke-wanke ta zo ta tsaya.

Na miƙa mata mai kyan. Ta kai shi kusa, ta kai shi nesa, ta karkata kai. Ta shafa shi da tafin hannu. Na ga tana ƙoƙari, wallahi tana ƙoƙari. Ta ce, “Ya yi kyau, ango. Allah ya yi maka albarka.”

Ba ta gani ba. Na sani. Dutse ruwan toka, sama ruwan toka, a idonta duk sun haɗe. Don kada in ji ciwo ta faɗa. Na ji kamar in tashi in fita.

Tana miƙo min sai ɗayan ya zamo daga cikin ambulan ya faɗi a cinyarta. Na kai hannu zan ɗauke na ce wannan lalatacce ne. Ta riga ni.

Ba ta ma kai shi kusa da fuska ba. Sai ta sa yatsa ta bi tozon, ta gangara, ta hau wuyan, ta tsaya a kan.

“Ga shi,” ta ce. “Ga ɗan banzan nan.”

Ta ce haka yake da magariba, baƙi, sama ja a bayansa, lokacin da ake koro awaki. Innarta na cewa in rana ta taɓa tozo duk wanda ke waje ya shigo. Ta kira sunayen mutane da yawa da ban sani ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana kiran su cin tuwo. Inna ta juya ta koma wajen kwanuka tana jan hanci.

Ni na zauna kawai. Na ga hawaye na fita har ta idon da ya mutu, ban san yana yi ba.

Can ta goge fuska da gefen mayafi, ta ƙara duba hoton, sai ta ɓata rai.

“Kai, wa ya tsayar da kai a nan?”

Na ce Ilu.

“Na sani! Ai nan ƙofar gidansu ce. Ɓarawo, ya kai ka gidan uwarsa. Daga gidanmu ana ganin haske tsakanin wuya da tozo, kamar taga. Nan ina tagar? Mu muna gaba, wajen marina, ka wuce tsamiya ka yi dama.”

Na ce Gwaggo yanzu duk wahalar nan gidan maƙwabta na je?

Ta ce, “Ka dai shiga gari. Saura ka koyi hanyar gida.”

Amma ba ta ba ni hoton ba. Ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na gaya wa Ilu. Ya rantse ba da gangan ba ne, wai hannunsa ne ya saba, ko barci yake jirgin can yake nufa. Ya aiko mata da tarwaɗa busassa, ya ce in ce kuɗin ƙosai ne. Ta karɓa ta ce bai kai ba.

Mun so shiga da yamma a gyara. Iska ta hana.

Asabar, 10 ga Mayu

An yi ruwan farko. Ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki. Dam ya yi jajir, igiyar ruwa na dukan gaɓa, ba jirgi ko ɗaya a ciki. Na tsaya a mashaya har aka kira magariba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Sun tafi. Na ɗora mata jaka a but, na riƙe mata hannu ta shiga. Hoton yana cikin zaninta, na ga gefensa. Baffa ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, bai ce rigimar tsufa ba. Ya tambaye ni wai har yanzu tsamiyar na nan.

Ta leƙo ta taga, ba daidai inda nake ba, ta ce, “Saki nawa ka yi min, ango?” Na ce ko ɗaya, yaji dai kika yi, zan zo biko. Ta ce in zo da goro mai kyau.

Ɗakinta a buɗe. Inna ta ce in rufe, na ce bari ya sha iska.

Laraba, 21 ga Mayu

Aiki dai. Shuka ta kankama, kowa na son a kai masa taki gona. Na kai malamin nan da abokansa kan dutse, sun yi ta murna. Da za mu hau na ji kaina ina cewa su taka a hankali. Ban gaya musu dalili ba.

Talata, 27 ga Mayu

Mun yi waya da Gwaggo. Muryarta garau, tana ƙorafin tuwon Kano ba ya riƙe ciki. Baffa ya karɓi wayar ya koma gefe, ya ce idon ya ƙara ja baya, yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Ko an kawo wani hoton ba amfani, kada in wahalar da kaina. Wancan ɗin dai yana hannunta, da yatsa take bin sa, har takardar ta fara laushi.

Na ce to.

Asabar, 31 ga Mayu

Yau da yamma gari ya yi lumui, ba iska. Ba ni da fasinja ta wajen, kawai na ga babur ya nufi mashaya. Fetur ɗin ma wanda na bari na gobe ne.

Ilu na kwance jirgi zai je duba koma. Ya ce, “Mai raƙumi, kifi ko yawo?” Na ce ba ko ɗaya, in dai ta can zai bi ya rage min hanya. Ya ce ta ina?

Na ce ya wuce tsamiya ya yi dama, wajen marina. Ƙofar gidanmu.

Ya kalle ni, bai yi dariya ba. Ya matsa min na zauna. Sai da muka yi nisa na lura jarkar tana can bakin gaɓa.

Akwai tagar. Ƙarama ce, rana na shigowa ta cikinta. Wayar tana aljihuna, ban ciro ba. Gobe in na kira ta zan ce mata na gani, shi ke nan.